Wurin Shimfiɗa Tabarma a Abu Hail

Abu Hail, Dubai
Farkon Janairu

Zuwa ga taubashiyata Asama'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Bashar da 'yar rigimar nan Bilqis. Ki gaida Innarku, ki ce mata gwiwar mahaifinki Kawu Sanda da sauƙi, sai dai in yana hawa bene yakan tsaya a tsakiya kamar mai tuna wani abu. In kin leƙa Tudun Wada ki gaida Ummata. Ni ma lafiya lau, in ban da ciwon baki, wanda kin san da shi aka haife ni.

Kada ki yi mamakin ganin hoton takarda maimakon saƙon murya. A ɗakinmu in mutum ya yi tari sai an ba da labarinsa, kafin in kai aya maganar ta isa kunnen mahaifinki. Shi ya sa na bari sai da aka tafi cin abinci, na zauna a shagon kago, inda muke ɗaure kayan da ake aikawa gida, na rubuta, zan ɗauka a hoto in turo. Maganar kuwa a kan mahaifin naki ce, don haka ki gyara zama.

Bayan benayen da muke haya akwai wani fili na yashi, da darbejiya guda ɗaya wadda ban san wanda ya shuka ta ba. Tun kafin in zo ƙasar nan, a nan mutanenmu ke shimfiɗa tabarma bayan la'asar. Ba don shayi kawai ba. Kin san yadda ake kwana a nan, gado a kan gado, mutum katifa yake haya ba ɗaki ba. To in aka bugo waya aka ce uwarka ta rasu a gida, ina za ka zauna a zo a yi maka gaisuwa? A gadon sama? Filin nan shi ne zaurenmu. Musulminmu da Kiristocinmu duk nan muke karɓar ta'aziyya, nan ake barka, nan ake sasanta waɗanda suka saɓa. Tabarmin ma a wajen Baba Gwamna suke kwana, wani dattijo ɗan Kagoro mai gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki, don shi ke da fulat, gida sukutum, a hawan ƙasa, shi da matarsa Louisa.

Kwanakin baya kamfanin da ya mallaki benayen ya ce zai gyara filin. Suka ɗauko wata injiniya mai suna Mahfuza, suka liƙa sanarwa a bakin lif da Larabci da Turanci da Indiyanci, cewa duk mai haya ya zo ya faɗi abin da yake so a yi. Duk mai haya, Asama'u. Da idona na karanta.

'Yan Filifin suka cika ɗakin taron, suna son filin ƙwallon kwando. 'Yan Indiya da Pakistan suka zo har da sandunan wasansu na kurket a hannu, kamar a ranar za a fara wasa. Matan Sudan suka ce lilon yara suke so. Mu kuwa me muka yi? Muka zauna a kan tabarma muka ce ai ba a taruwa a yi wa masu gari hayaniya, babba ɗaya ya isa. Aka tura Kawu.

Wani maƙwabcinmu Basudane ya ba ni labarin abin da ya faru. Kawu ya je da babbar riga, ya sha turare. Da aka miƙa masa abin magana ya gode wa masu ƙasa, ya gode wa kamfani, ya gode wa injiniya, ya yi wa iyayenta addu'a, ya ce mu baƙi ne kuma an riƙe mu da mutunci. Sannan ya ɗan tsaya, ya zauna. Halas, in ji Larabawan nan, shi ke nan.

Jiya aka liƙa sakamako da zanen farko. A gaban sunanmu an rubuta: 'yan Najeriya sun gamsu, ba su da wata buƙata. A zanen kuwa ko'ina an cike shi, nan raga, nan kwando, nan lilo, sai benci na ƙarfe masu hannu a tsakiya don kada wani ya kishingiɗa. Babu inda za ka shimfiɗa ko buzu.

Na tambayi Kawu, cikin ladabi kuwa, ki yarda da ni. Ya ce, "Zuwan farko na gaisuwa ne." Na ce, "Kawu, mutanen nan kafin mu gama tambayar gajiya sun gina bene." Bai kula ni ba.

Ke ce ma'aikaciyar tsara unguwanni a ƙaramar hukuma, ni ko sakandare ban ƙarasa ba. Amma na karanta abin da na karanta. Akwai wani tsohon littafi a kan birane da na tsinta cikin kwalin da mai shi bai dawo ya ɗauka ba, bangonsa ma ya cire, na bi shi har ƙarshe. Abin da na fahimta shi ne, wanda bai yi magana ba a kansa ake zuba kankare. Ki koya mini yadda ake rubuta ƙorafin da ke tsayar da aiki. Turancin ni zan ji da shi.

Naki, ɗan mace mai 'yancin kansa,
Zainul Abideen


Kaduna
Tsakiyar Janairu

Zainu bawana,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Umma ta ce wai ka rame a hoton da ka turo, na ce mata surutu ke cinye abincin. Bilqis ta fara cewa Kawu Zainu, amma kyanwar maƙwabta take nunawa, kada ka yi murna.

Zan taƙaita, don mota na jirana. An ba mu wata sabuwar unguwa can bayan gada, Gbagyi masu ƙasar, da Hausawa, da 'yan kasuwar Ibo, da mutanen kudancin jihar nan da suka yi ritaya. Wannan na son kasuwa, wancan na son maƙabarta, wani ya ce a nisanta mahauta da cocinsa, wani ya ce a nisanta mashaya da masallacinsa. Ina gane abin da injiniyarku ke ciki, har tausayinta na ji.

Kada ka rubuta ƙorafi. Can ba ƙasarka ba ce, bizarka kuma da sunan shagon Baba aka yi ta, in ka tayar da ƙura ba kai kaɗai za ta rufe ba. Kuma Baba bai yi irin kuskuren da kake zato ba.

Tambaya ɗaya zan yi maka, ka amsa mini kafin ka sake buɗe baki a ko'ina. Ranar taron, wa ya raka Baba?

Taka, wadda ta girme ka ko ka ƙi ko ka so,
Asama'u


Abu Hail
Ƙarshen Janairu

Asama'u,

Salamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya. Sanyi ya ɗan sauko, irin wanda mutanen nan ke sa rigar ulu dominsa, mu muna dariya.

Na ga takardarki. Na tambayi ma'aikaciya, 'yar Alhaji Sanda ta ba ni amsa. Ba laifi, jini ya fi ruwa kauri a ko'ina, ni ne ban yi tunani ba. Amma da kin ce mini kawai ba kya son a taɓa ubanki, da ya fi mini wannan kewaye-kewayen na biza da ƙura.

Wa ya raka shi? Babu kowa. Ya ce mini in shirya mu tafi tare, na ce akwai kwantenar da za a rufe a unguwar Deira, kuma gaskiya ce akwai. Ban da haka ma, me zan je yi? In riƙe masa jaka, in tsaya a baya ina sunkuyar da kai? Yana jin Turanci daidai gwargwado, Larabcinsa ya fi nawa. Ba yaro ba ne da zai ɓata a hanya.

Tunda kin ce kada in rubuta, ban rubuta ba. Amma ba ki ce in haɗiye harshena ba, in ma kin ce ban ji ba. Shekaranjiya muna zaune a filin ana shayi, wani ya ɗaga kai ya ce, "Allah dai ya sa su bar mana bishiyar nan." Aka ce amin. Ni kuwa abin ya tokare ni.

Na ce, "An ce mu zo mu faɗi buƙata, mun aika da godiya, godiyar kuma aka rubuta mana. Me kuma muke jira?"

Baba Gwamna ya ce, "Zainu, shayinka na hucewa."

Na ce, "Bari ya huce, Baba. 'Yan Filifin ba su da Alhaji ko ɗaya, ga shi sun samu fili. Mu da muke da babba, shekara da shekaru a ƙasar nan, abin da ya koya kaɗai shi ne na gode."

Kawu bai dube ni ba. Ya ƙarasa shayinsa a hankali, ya ajiye kofin, ya jawo takalmansa. Ya ce, "Gwamna, a tashi lafiya." Ya tafi. Tun ranar bai sake saukowa ba. A shago kuwa magana ba ta wuce auna wannan, ɗaure wancan.

Wasu sun ce na yi rashin kunya. Waɗanda suka ce hakan, a bayan ido su ne ke cewa gaskiya na faɗa. Ni ban ga abin da na faɗa wanda ba haka yake ba. In kina da wata shawara ta aiki, ba ta gida ba, ina saurare.

Zainul Abideen


Abu Hail
Ƙarshen Fabrairu

Asama'u,

Salamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa kika yi shiru. Na ga alamar takardata ta shiga, amsa ce dai babu. In fushi kike, ki zage ni mana, ai kin iya. Shirun nan na gidanku ne, na gane shi, ga wani ina fama da shi a shago.

Ba don in ba ki haƙuri na rubuto ba. Rasuwa aka yi mana. Mahaifiyar Baba Gwamna ta cika a Kagoro, bai kuma samu hutun tafiya ba. Ana saura kwana kaɗan kafin haka ma'aikata suka zo suka kewaye filin da allunan kwano, wai za a gwada ƙasa. Darbejiyar ma sai kanta muke hangowa.

A barandar ƙasa muka zauna, tsakanin ƙofar fulat ɗinsa da lif. Tabarma ɗaya ce ta shiga, ita ma a naɗe rabi. Duk mai wucewa sai mun tattare ƙafa, masu kawo abinci a babur suna tsallake mu suna cewa sori. Faston cocinsu ya zo, a tsaye ya yi addu'a, lif na buɗewa tana rufewa a bayansa. Can mai gadi ya zo, shi ma ba da son ransa ba, ya ce an yi ƙorafi mun tare hanyar gudun gobara. Baba Gwamna, mutumin da uwarsa ta mutu, shi ya tashi yana ba mai gadi haƙuri.

Kawu ya sauko. Babu wuri, sai ya zauna a kan matakala da gwiwar nan tasa, tun la'asar har aka kira magariba bai motsa ba. Da zai tashi na miƙa masa hannu. Ya kama ƙarfen bene.

Ga abin da godiya ta saya mana ke nan. Ina so in ce na ji daɗi da maganata ta fito, amma ban ji ba.

Ki amsa mini ko da layi ɗaya ne.

Zainu


Kaduna
Farkon Maris

Zainu,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba Gwamna haƙuri, ka isar mini da gaisuwa gare shi da Mama Louisa.

Ba fushi na yi ba, ko da yake ka cancanta. Bilqis ce ta yi ƙyanda mai tsanani, muka kwanta asibiti, wayata tana hannun babanta yana amsa masu tambaya. Ba mu faɗa muku ba don kada hankalin Baba ya tashi. Yanzu ta warware, tana cin komai har da abin da ba a ba ta ba. Sai jiya na karanta takardunka biyu a jere, na rasa ko in yi kuka ko in nemo jirgi in zo in ja maka kunne.

Na yi maka tambaya, ka amsa ta da bakinka, amma ba ka ji amsar ba. Ka taɓa ganin Baba ya roƙi wani abu da bakinsa? Ko gishiri ne ya yi kaɗan a gidansa, sai dai ya ce wa Inna yau miyar ta yi hankali. Tun ina yarinya, in zai je gaban hakimi ko wajen neman aure ko neman fili, ba ya tafiya shi kaɗai. Shi zai yi gaisuwa, ya yi godiya, ya yi addu'a, har fuskar mai gida ta saki. Sai ya yi shiru. Na bayansa shi ke cewa, ranka ya daɗe, ga abin da ke tafe da mu. In an bayar, babba aka ba. In an hana, yaro aka hana, babba yana da fuskar komawa gobe. Haka suka tashi suka ga ana yi, haka kuma suka samu duk abin da suka samu.

Ba jaka ya ce ka riƙe masa ba. Duk cikin yaran shagonsa, wanda bakinsa ba ya mutuwa ya zaɓa. Inna ta ce a ranar ya kira ta, ta tambaye shi yaya taro. Ya ce, "Na gama gaisuwa, na waiga, ban ga kowa ba, sai na zauna."

Yanzu ga maganar aiki, tunda ka ce ba ka son ta gida. Ban ce kun yi daidai da kuka tura mutum ɗaya ba. A takarda mutum ɗaya mutum ɗaya ne, ko rawaninsa ya taɓa rufi. Shi ma Baba ya kamata ya san ba zauren hakimi ya shiga ba, ya nemi wani da ka ƙi. Ni a nan in dattijo ya yi ta godiya ya zauna, na san bai fara magana ba, washegari nake bin sa gida. Amma injiniyarku ba a Kaduna aka haife ta ba, ba za ka ga laifinta ba don ta rubuta abin da ta ji.

Zanen farko ba shi ne ƙarshe ba. Yawanci kafin a fara gini akan sake kiran mutane a nuna musu, a nan ne ake ɗan matsar da abu. Ka sa ido a bakin lif ɗin naku. In an kira, ku je dukanku, babba a gaba. Kada ka ce a rushe na wani, ranar da ka taɓa kwandon 'yan Filifin ka yi asarar ɗakin gaba ɗaya. Ka roƙi abu ƙarami wanda za ta iya ba ka ba tare da ta koma wajen masu kamfani ba. Littafinka mara bango ka bar shi a ƙarƙashin katifa.

Sannan wata tambayar, ita ma ka yi tunani kafin ka amsa. Ka ba ni labarin inda maza suka zauna a barandar. Mama Louisa da matan da suka zo mata fa, ina suka zauna? A filin naku ma, da can, ina suke zama?

Kafin komai, ka je ka ba Baba haƙuri. Kada ka je kai kaɗai, ka ɗauki Baba Gwamna, a gabansa ka yi, a gabansa za ka gyara. Kuma ka bar shi ya yi maganar. Kai durƙuso kawai aka ce ka yi, ba jawabi ba.

Taka,
Asama'u


Abu Hail
Tsakiyar Afrilu

Yaya Asama'u,

Assalamu alaikum. Ki adana wannan Yayar, ba za ki sake ganinta ba. Alhamdu lillahi da Bilqis ta samu sauƙi, ki shafa mini kanta. Na ba Hajiya Turai, wadda ke aika atamfa ta shagonmu, wata 'yar tsana ta kawo mata, in ta iso ki ce kyanwar maƙwabta ce ta aiko. Zafi ya fara a nan. Kawu lafiya, gwiwar dai sai a hankali. Ki gaida Inna da Umma da Malam Bashar.

Na je. A bayan shago muka same shi, cikin kwalaye, yana duba kayan wata mata. Na durƙusa. Baba Gwamna ya ce, "Alhaji, ga yaronka na kawo. Bakinsa ya riga hankalinsa girma, amma hankalin na tafe a baya." Na so in ce wani abu, ya taka mini yatsa. Kawu ya daɗe yana jujjuya kwalin. Sannan ya ce, "Ka ci abinci?" Na ce na ci. Ya ce, "Ranar Asabar sun sake kira. Ka sa riga mai hannu." Ashe ya riga ni ganin sanarwar.

Tambayarki ta biyu na kai wa Mama Louisa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Sai yau?" A kicin suka zauna, wasu a tsaye. Da can ma in ana zaman makoki a fili, su a matakala suke. Na ce ta zo taron, ta ce ba gayyatata take jira ba.

Ranar Asabar mun cika gefe guda na ɗakin. Direbobi, masu gadi, 'yan kago, ɗalibai, ma'aikatan jinya da suka fito daga aiki da kayan aikinsu. Injiniya Mahfuza ta dubi takardarta ta dube mu, na ga tana neman inda muka fito.

Da aka zo kanmu Kawu ya tashi. Bai rage ko harafi ɗaya ba. Masu ƙasa, kamfani, injiniya, iyayenta, har 'yan Filifin ya yi musu addu'ar Allah ya sa ƙwallonsu ta riƙa shiga. Wani a cikinsu yana ta duba agogo, da ya ji haka ya ce amin. Ni kuwa ina cewa a raina yalla Kawu, yalla, a gaggauta. Sai ya yi shiru. Bai zauna ba. Ya ɗan karkato kai ta gefen kafaɗarsa.

Na tashi. Asama'u, ni fa da ake roƙo in yi shiru! Duk abin da na tsara ya gudu. Abin da ya fito shi ne, "Madam, a benayen nan in uwar mutum ta mutu, ba shi da inda zai zauna." Na faɗi yadda muka yi a baranda. Ban ambaci sunan Baba Gwamna ba, shi ya ɗaga hannu da kansa.

Ta ce, "Me kuke so a gina? Ɗaki? Ƙarin benci?"

Na ce, "Kada a gina komai. A bar mana ƙasa a shimfiɗe, da inuwa."

Ta yi murmushi ta ce, "Kamfani ba ya biyana don in zana babu."

Kafin in ba ta amsar da za ta ɓata komai, kuma ta zo mini har leɓe, wani tsoho Bapatane daga Pakistan mai jan gemu ya miƙe ya ce su ma a ƙasa suke zama, bencin ƙarfe na asibiti ne. Wani ɗan Kerala ta Indiya ya ce in aka yanki fili ragar kurket za ta gajarce. Tsohon ya ce masa, "Habibi, ɗan'uwana, ranar da aka bugo maka waya daga gida, a cikin ragar za ka zauna?" Aka yi ta ja. Mama Louisa ta tashi ba tare da an ba ta dama ba, ta ce in za a bar wuri a raba shi da tukwanen fure don mata su samu gefe, a kuma sa famfo, don ita ta gaji da ɗauko ruwa daga kicin. Injiniya ta rubuta wannan da sauri fiye da duk abin da na faɗa.

Ba mu samu duka ba, kada ki ce na ɓoye. Darbejiyar za a cire, wai saiwarta ta kama bututun ruwa. Na yi magana, Kawu ya yi gyaran murya, na zauna. Har yanzu abin na cina. Wurin da aka bari kuwa kusurwa ce ta jikin katanga, ba ta kai rabin inda muke zama da ba. Za a daɓe ta, a yi rumfa. Kuma ba tamu ba ce mu kaɗai, duk wanda ya riga shimfiɗawa shi ke da ita, sai dai in rasuwa ce a gaya wa mai gadi ya keɓe wurin. Tsohon nan mai jan gemu na ga alamar da asuba zai riƙa zuwa.

Yau da safe aka liƙa sabon zanen. Muna fitowa za mu tafi shago Kawu ya tsaya a gabansa, ya laluba aljihu, ya ce ya bar tabarau a sama.

Ya ce, "Me aka rubuta a wajen namu?"

Na ce, "Nan an rubuta kwando, nan kurket, nan lilo. Namu ba a rubuta komai ba, Kawu. Fari ne fat."

Ya sa yatsa a kan farin, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "To madalla. Gobe sai mu je mu yi mata godiya."

Na ce, "Mu?"

Ya ce, "Ni zan yi godiyar. Kai kuma ka tambaye ta a ina za a sa famfon, don ban gan shi a nan ba."

Naki,
Zainul Abideen